Na tarar da gyambo a bayan Baba a gidan kula da tsofaffi: in ɗauko shi ko in bar shi?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Garwa, ina da 'ya'ya huɗu, kuma ina koyarwa a makarantar firamare. Mahaifinmu yana da shekara 78, mahaifiyarmu kuwa ta daɗe da rasuwa. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta yi nauyi. Aka kai shi asibiti a Yawunde, da aka sallame shi sai yayanmu da ke Faransa ya ce a sa shi a wani gida mai zaman kansa da ke kula da tsofaffi a can, domin a ci gaba da yi masa gashi, wato motsa masa gaɓoɓin da suka shanye, shi Yayan zai riƙa biya duk wata. Muka amince. A hutun nan na je duba shi, na tarar ya rame, ɗakin yana zarnin fitsari, yana ta barci da rana tsaka, da ƙyar ya gane ni. Da na juya shi zan canza masa riga sai na ga gyambo a ƙasan bayansa, ya kai faɗin tafin hannun yaro, yana ruwa. Mai kula da shi ta ce haka jikin tsofaffi yake, kuma suna sa masa magani. Na kira Yaya, ya ce kada in tayar da fitina, kuɗi masu yawa yake biya, in ina ganin zan iya in ɗauke shi. Gidan Baba yana nan Garwa, ƙaninmu da matarsa ne a ciki, ni kuwa ɗaki biyu gare mu. Dangi suna ta cewa mun yar da ubanmu. Tun da na dawo ban yi barcin kirki ba. In ɗauko shi ne, ko in bar shi?

Wata baiwar Allah daga Garwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar uwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri da kika sa hannu kika juya shi, domin masu dubiya da yawa a kujera suke zama, su yi addu'a su tafi ba tare da sun ga abin da zanen gado ya rufe ba. Maganar ɗauko shi ko barinsa za ta iya jiran makonni, kuma zan zo gare ta, amma gyambon nan ba zai jira ba, don haka da shi zan fara.

Abin da kika gani gyambon kwanciya ne. Yana fitowa idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata da tsoka a kan ƙashi har jini ya kasa isa wurin, sai naman ya fara mutuwa, kuma sau da yawa ɓarnar da ke ciki ta fi wadda ido yake gani a waje. Mai lafiya yana juyi a cikin barci ba tare da ya sani ba, amma wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya juya kansa, wani lokaci ma ba ya jin zafin da zai sa ya nemi a juya shi, kuma sa'o'i kaɗan a kwance ta gefe ɗaya sun isa a fara. Idan aka bar fitsari ko bayan gida a jikinsa fatar takan yi laushi ta tsage da wuri, idan kuma ba ya cin abinci mai gina jiki ciwon ba ya haɗewa. Likitoci suna kasa shi mataki huɗu, daga tabon da fata ba ta buɗe ba har zuwa ramin da ya kai tsoka ko ƙashi, kuma wanda ya buɗe yana ruwa ya riga ya wuce matakin farko. A fatar baƙar fata irin tamu matakin farkon ba ya yin ja yadda za a gani daga nesa. Wurin yakan yi duhu ne, ya yi zafi ko tauri in an taɓa, shi ya sa sai mai kula ya duba da ido da hannu kullum, a ƙasan baya, da kwankwaso, da dunduniya, da idon sawu, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa.

Saboda haka maganar cewa haka jikin tsofaffi yake ba amsa ba ce, kuma kada ki karɓe ta. Adalci ne in faɗa miki cewa akwai gyambon da ke fitowa duk da kyakkyawar kulawa, musamman ga wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai, kuma yana yiwuwa na Baba tun yana asibiti ya fara. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne haɗuwar abubuwa huɗu a mutum ɗaya, gyambo da zarni da rama da yawan barci, sannan babu wanda ya ɗaga waya ya sanar da ku. Gidan da ya san aikinsa shi ne yake fara kiran iyali ranar da ya ga tabo.

A cikin wannan makon ya kamata likitan da ba na gidan ba ya ga Baba, ko a kai shi asibitin da aka sallamo shi tare da littafinsa na asibiti, ko a kawo masa likita har gadonsa. A duba zurfin ciwon, a auna jininsa da sukarinsa, domin ciwon sukari yana hana gyambo warkewa, a kuma duba fitsarinsa. Idan aka ga zazzaɓi, ko wari daga ciwon, ko mugunya, ko baƙin nama, ko kumburi da zafi suna yaɗuwa a gefensa, ko rikicewar hankali da ta zo farat ɗaya, to a ranar za a kai shi asibiti, saboda ƙwayoyin cuta suna iya shiga ƙashi ko jini, kuma hakan yana kashe tsoho. Kada a barbaɗa masa toka, ko garin kafso, ko a shafa man shanu, kada kuma a murza gefen ciwon da sunan tausa. Wanki da ɗauri aikin ma'aikacin jinya ne bisa umarnin likita, amma babu maganin da zai yi aiki muddin yana kwance a kan ciwon. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, a tokare shi da matashi yadda zai ɗan karkata, a sa wani matashin a ƙarƙashin ƙwaurinsa don dunduniya ta bar katifa, a ɗaga shi da zane maimakon a ja shi, a kuma canza masa ƙunzugu da zarar ya jiƙe. Katifar iska tana taimakawa, sai dai ba ta maye gurbin juyi, kuma idan wuta ta ɗauke ta daɗe iskarta takan sace. Wanda zai je ya ɗauki hoton ciwon da ma'auni a gefensa duk mako, bayan ya nemi izinin Baba, hoton kuma ya tsaya tsakaninki da Yaya da likita, kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi, domin al'aurar dattijo ce.

Yawan barcin nan ma yana bukatar bincike. Yana iya zama alamar ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko cutar da ta shiga daga gyambon, ko wani sabon bugun jini a ƙwaƙwalwa irin wanda ya shanye masa jiki, ko baƙin cikin da ke kama mutane da yawa bayan shanyewar jiki. Yana kuma iya zama aikin magani. Ki nemi a ba ku sunayen dukkan magungunan da ake ba shi a rubuce, da yawansu, da sunan likitan da ya rubuta kowanne. Magungunan barci irin su diazepam suna sa tsoho kasala da rikicewa da faɗuwa, magungunan taɓin hankali irin su haloperidol kuwa akan ba da su a wasu wurare don kawai a sami shiru da dare, alhali hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2008 cewa wannan rukuni yana ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. Wanda aka kwantar da magani ba ya motsi, ba ya ci, ba ya neman ruwa, kin ga hanyar gyambo da rama ta buɗe ke nan. Duk da haka kada ki sa a tsayar da wani magani da kanki, domin yanke irin waɗannan lokaci guda yana da haɗari, na hawan jini kuwa barinsa yana iya jawo wani bugun. Ki kuma sa a lura da yadda yake ci. Masu shanyewar jiki da yawa haɗiya takan gagare su, su riƙa ƙwarewa, abinci ya bi ta hanyar iska ya haifar da ciwon huhu. Dole a zaunar da shi sosai kafin a ba shi, a ba shi da kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Ciyar da irin wannan mutum yana cin lokaci, mai gaggawa kuwa yakan ɗauke kwano ya ce ya ƙoshi.

Matar da ta ba ki waccan amsa, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. A irin waɗannan gidaje sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ake bari da tsofaffi masu yawa da dare, a kan albashi kaɗan, wani ma ba a taɓa koya masa aikin jinya ba, kuma juya namiji babba yadda ya kamata yakan bukaci mutum biyu. Wanda ya tsara yawan ma'aikata kuma yake karɓar kuɗi shi ne zai amsa tambaya. Ki nemi ganin shugaban gidan, ko ki kira shi Yaya yana kan layi, ki tambaye shi cikin ladabi yaushe aka fara ganin gyambon, wa ya gani, me ya sa ba a sanar da ku ba, mutum nawa ne ke kwana a bakin aiki kuma tsofaffi nawa suke kula da su, akwai ma'aikacin jinya mai takardar shaida da dare ko babu, wane likita ke zuwa, sau nawa aka yi wa Baba gashin da aka kawo shi dominsa. Ki nemi a manna takarda a jikin gadonsa da za a riƙa rubuta lokacin juyi da abin da ya ci da wanda ya yi aikin. Ki tambayi takardar izinin da hukuma ta ba su. A Kamaru, Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a da aka fi sani da MINAS ita ce ke da alhakin kare tsofaffi, tana da ofisoshi a yankuna da cibiyoyi a ƙananan hukumomi, kuma a can za ku kai ƙara a rubuce idan gidan ya ƙi ba da amsa ko ya hana likita shiga. Yadda shugaban ya karɓi waɗannan tambayoyi zai nuna miki abu mai yawa. Wanda ya buɗe littattafansa ana iya gyara da shi, wanda ya harzuƙa ya ce ana zarginsa kuwa a fara neman wani wuri.

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce babu idon iyali a kusa. Daga Garwa sai kin yi tafiyar mota zuwa Ngawundare, sannan ki kwana a jirgin ƙasa kafin ki isa Yawunde, ga aiki ga yara, ba za ki iya zuwa kowane mako ba. Ki nemi mutum amintacce a can, ɗan uwa ko tsohon abokin Baba, ko wanda limami ko sarkin Hausawa zai haɗa ku da shi a unguwar Birkitiri, inda mutanenmu suke da yawa, a riƙa ba shi kuɗin mota yana zuwa sau biyu ko uku a mako ba tare da ya sanar ba. Ya je da sassafe kafin a gyara ɗakuna, wata rana ya je lokacin abinci. Ya taɓa zanen gado ya ji ko a jiƙe yake, ya duba bakin Baba da farcensa da dunduniyarsa, ya ga ko ruwan sha yana gefen hannunsa na hagu mai aiki ko an ajiye shi a ɓangaren da ya shanye. Ya kuma kalli sauran tsofaffin, musamman waɗanda ba a zuwa duba su, ko ana ɗaure wani a gado, ko ana yi musu tsawa, ko ana kulle ƙofa daga waje da dare, abin da zai zama halaka idan gobara ta tashi.

Shi kuwa Yaya, ina ganin tsoro da nauyi ne suka yi magana da bakinsa. Mutumin da ke ƙasar waje ba shi da abin da zai iya yi wa mahaifinsa sai kuɗi, ya kuma yi, yanzu ana gaya masa cewa wurin da ya zaɓa ya cutar da uban. Da wuya zuciya ta karɓi wannan a kiran farko. Kada ki shiga da zargi. Ki fara da yi masa godiya, ki tura masa hoton da bayanin likita, domin gani ya kori ji, ki ce masa kuɗinsa kike so su yi aikin da ya biya su yi. Yana zaune a ƙasar da ta san wannan masifa: a watan Janairun 2022 binciken wani ɗan jarida ya tona yadda ake taƙaita abinci da ƙunzugu a gidajen babban kamfanin Orpea duk da tsadarsu, har gwamnatin Faransa ta ba da umarnin a binciki dukkan gidajen tsofaffi kusan 7,500 da ke ƙasar. Yawan kuɗi bai taɓa zama shaidar kulawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ruwaito cewa a binciken da aka yi a wasu ƙasashe, kusan biyu cikin uku na ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun amsa da bakinsu cewa sun muzguna wa tsoho ko sun yi sakaci da shi a cikin shekara guda.

Amma hukumar ta kuma ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin jama'a, ba a irin waɗannan gidaje ba, yana fuskantar wani nau'in muzgunawa, kuma wannan ya shafi dangin da ke cewa kun yar da ubanku. A unguwanninmu akwai tsofaffin da ke ɗakin baya da gyambon da ya fi na Baba, 'ya'yansu suna tsakar gida. Allah ya umarce mu da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, kuma ɗaukar wanda ya iya jinya a biya shi yana cikin kyautatawa, matuƙar ba a janye ido da ƙafa ba. Duk wanda ya sake yi miki wannan magana, ki tambaye shi da sakin fuska wane dare ne a mako zai ɗauka.

Ra'ayina shi ne a yi shirin dawo da Baba Garwa, amma ba yau ba, kuma ba ɗakinki ba. Dalilina, dattijon da harshensa ya yi nauyi yana bukatar waɗanda za su fahimci rabin kalmarsa ta Hausa ko Fillanci, su san yana neman buta ne ko yana son a fuskantar da shi alƙibla, yana kuma bukatar sallamar abokansa da hayaniyar jikoki, kuma ido goma na kusa sun fi ziyara ɗaya a hutu. Sai dai kafin a motsa shi dole abubuwa su kammala. Likita ya ce ciwon ya kama hanyar warkewa kuma zai jure tafiya, domin doguwar zama a mota tana iya mai da ƙaramin gyambo rami. Idan hali ya yi a biya masa jirgin sama zuwa Garwa, in ba haka ba a kama masa gado a jirgin ƙasa a riƙa juya shi a hanya. A gyara masa ɗaki a gidansa mai iska da inuwa, saboda zafin Maris da Afrilu a Garwa yakan haura digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an bi shi da ruwa. Kuɗin da Yaya ke biya a can a juyo da su nan, a ɗauki namiji mai kula da shi da rana da wani da dare, wanda zai yi masa wanka da tsarki don a kare masa kunyarsa a gaban 'ya'yansa mata da surukarsa, a sami ma'aikacin jinya da zai riƙa zuwa wankin ciwo ya kuma koya wa kowa juyi, a nemi mai gashi ta hanyar asibitin yanki. Abinci ba zai yi muku wuya ba, ga ƙwai, ga kifin Binuwai, ga wake da nono da kunun gyaɗa mai kauri, gwargwadon abin da likita ya yarda da shi. Ƙaninku da matarsa a zauna da su tun kafin a yanke shawara, a ji ta bakin matar musamman, domin idan aka yi shiru duk aikin kanta zai faɗa, kuma wanda aka ɗora wa jinya ba da son ransa ba shi ne yake gajiya har ya fara sakaci. Ke ma ki faɗi abin da za ki iya da gaskiya, ko yammacin kowace rana ne bayan makaranta da yinin Asabar, ki tsaya a kansa.

Idan waɗannan ba su samu ba, barinsa a Yawunde a gidan da ya karɓi gyara, ko mayar da shi wani gidan da kuka bincika da kanku, tare da mai zuwa duba shi a kai a kai, ya fi a kawo shi inda babu mai tashi ƙarfe biyun dare. Ku ba gidan mako biyu zuwa uku bayan ganin likita. In hoton ya nuna ciwon yana raguwa, zarnin ya tafi, Baba ya fara farkawa, to kuna da lokacin yin shiri a natse, in kuwa yana ƙaruwa a fitar da shi ko da zuwa gadon asibiti ne.

A duk wannan kada a manta a tambayi mai jikin. Nauyin harshe ba ya nufin hankali ya tafi, kuma mutane da yawa da suka sami irin wannan lalura suna fahimtar abin da ake faɗa fiye da yadda suke iya mayarwa. Idan aka gyara maganinsa ya farfaɗo, ki zauna ta gefensa na hagu, ko a haɗa ku ta bidiyo, ki yi masa tambayoyi gajeru da zai amsa da kai ko da matsa hannu: ana juya ka da dare, ana yi maka tsawa, kana ƙoshi, kana son komawa Garwa? Abin da ya nuna ki isar wa Yaya da ƙaninku yadda yake. Yau dai ki fara da kiran wanda zai kai likita wurinsa, sannan ki rubuto mini abin da likitan ya ce game da zurfin ciwon da magungunan. Allah ya tashi kafaɗunsa.